Zanen injin gyaran shinkafa ya yi wa kwamfutata nauyi a SolidWorks, in sayi sabuwa ne?

Tambayar ta fito ne daga wani matashin injiniya da ke da shagon ƙera injinan noma a yankin Kura ta jihar Kano. Ya ce ya zana ƙaramar masana'antar gyaran shinkafa gaba ɗayanta a SolidWorks, manhajar zana injina a kwamfuta: mazurarin zuba shanshera, injin ɗaga ta sama mai kofuna, na cire tsakuwa, na ɓarewa, fankar fitar da ɓuntu da firam ɗin da ke ɗauke da su. Sassan sun kai kusan 1,800. Kwamfutarsa ta cinya ce, Core i5 mai RAM gigabait 8. Buɗe fayil ɗin yana cin fiye da minti goma, in ya juya zanen sai ya riƙa tsalle, wani lokaci manhajar ta rufe da kanta. Yana so ya sani ko mafita ita ce sayen sabuwar kwamfuta.

Injiniya, kada ka sayi komai tukuna. Sassa 1,800 ba su kai yawan da zai durƙusar da SolidWorks ba, akwai masu buɗe haɗi, wato fayil ɗin da ke tattara sassan injin wuri ɗaya, da ya ninka wannan sau goma. Kwamfutarka ƙarama ce, gaskiya ne, kuma zan zo kanta. Amma a irin wannan aiki galibi nauyin yana cikin yadda aka gina zanen ne, kuma sassa biyar ko shida ne kawai ke jawo mafi yawansa. In ka kwashi zanen a haka ka kai shi sabuwar kwamfuta, minti goman zai koma shida, kuɗinka kuma sun tafi.

Fara da awo. Buɗe babban haɗin, ka shiga shafin Evaluate ka danna Performance Evaluation. Zai jero maka fayilolin da suka fi daɗewa wajen buɗewa, waɗanda suka fi cin lokaci wajen sake lissafi, da waɗanda suka fi yawan alwatika. Alwatikar nan su ne ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke jerawa don ta nuna maka siffar abu a allo. Fili shimfiɗaɗɗe alwatika biyu sun ishe shi, amma abu mai zagaye yana cin da dama. Daga nan ka buɗe Assembly Visualization, shi ma a shafin yake, ka ƙara ginshiƙin Total Graphics Triangles da na SW-Open Time, ka jera daga babba zuwa ƙarami. Rubuta sunayen goman farko a takarda. Aikinka na makon nan yana kan goman nan.

Tun kafin ka duba, ina iya gaya maka wanda zai zo na ɗaya: rariya. Injin cire tsakuwa da na tace shinkafa ba su rabuwa da farantin ƙarfe mai huji. Ɗauki faranti mai tsawon milimita 900 da faɗin 600, huji mai faɗin milimita 3, tazarar milimita 5 daga tsakiya zuwa tsakiya. Layi 180 ke nan sau 120, huji 21,600 a faranti guda. Kowane huji fuska ce mai lanƙwasa da gefuna biyu, kuma manhajar sai ta lissafa kowannensu duk lokacin da ta sake gina sashen. In kana da rariya uku ko huɗu, ka riga ka ɗora wa kwamfutar abin da ya fi sauran injin gaba ɗaya nauyi. Abin tambaya, wa zai amfana da hujin nan a zane? Ba mai waldar da zai zauna ya huda 21,600 da hannu. Farantin a huje ake sayensa a kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ko wajen masu kawo kayan injin niƙa, a yanka shi daidai awo. Saboda haka ka zana faranti sumul, ka bar hujin ɗaure shi da firam kawai, sannan a takardar zane ka rubuta faɗin huji da tazararsa da kaurin faranti. In ka ga dole a nuna, huda ƙaramin yanki a kusurwa ɗaya, huji ashirin ko talatin, ya isa mai karatu ya gane. In kuwa akwai dalilin da ya sa sai an zana duka, alal misali za a kai fayil ɗin wajen masu yankan leza a birni, to ka yi wa sashen Configuration biyu, wato siga biyu a fayil guda, ɗaya cikakke ɗaya mai sauƙi, ka kunna Geometry pattern a cikin jerin hujin don ya rage lissafi, kuma babban haɗin ya riƙa ɗaukar mai sauƙin.

Na biyu a jerinka zai zama kayan da ka sauko da su daga intanet: moton lantarki, giyabos, boris mai gida irin UCP 205 ko 207. Fayilolin STEP, irin waɗanda kamfanoni ke rarraba zanen kayansu da su, sukan zo da komai, haƙarƙarin sanyaya moto, rubutun sunan kamfani da aka sassaƙa a jiki, ƙwallayen cikin boris ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har da abin da ke cikin akwatin wayoyi. Kai kuwa abubuwa huɗu kake nema daga moto: girman jikinsa don ka san ba zai bugi firam ba, wurin hujin ƙafafunsa, tsayin shaf daga ƙasa, da kauri da tsawon shaf ɗin. Ka sake zana shi da kanka, silinda ɗaya da akwati ɗaya da ƙafafu, aikin minti goma sha biyar. Ko ka yi amfani da Defeature ya share tarkacen. Na fi son sake zanawa, domin fayil ɗin da aka shigo da shi daga wata manhaja yakan zo da fuskoki masu rauni da ke jawo kuskure daga baya, kuma moton da za ka samu a kasuwa ma ba lallai ya zama irin na kamfanin da ka sauko da zanensa ba. Gara ka auna wanda ke hannunka. Abu ɗaya kada ka manta: in ka sauƙaƙa moto, nauyinsa a lissafi zai canza. Shiga Mass Properties, ka zaɓi Override, ka rubuta ainihin kilo nawa yake.

Sai bol da noti. Duk wanda ya zana zaren bol na gaske, mai murɗawa, ya ɗora wa kansa wahala a banza. A yi amfani da Cosmetic Thread, wanda ke nuna alamar zare ba tare da yanka shi ba, kuma a takardar zane yana fitowa yadda ka'ida ta tanada. In daga Toolbox, ma'ajiyar shiryayyun bol da noti ta manhajar, kake ɗauko su, a wurin Thread Display ka zaɓi Simplified ko Cosmetic, ka guji Schematic. Dubi injin ɗaga shanshera: kofi 48, kowanne da bol biyu, kowane bol da noti da washa. Sassa 336 ke nan a kan bel ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce ka haɗa kofi ɗaya da bol ɗinsa su zama ƙaramin haɗi, ka ɗora shi sau ɗaya, sauran ka jera su da Pattern. Abin da aka jera ba ya bukatar ɗauri, manhajar ta san wurinsa da lissafi mai sauƙi.

Wannan ya kawo mu kan ɗauri, abin da manhajar ke kira Mate, kuma a nan ne nake so ka tsaya sosai, domin in alwatika ke sa zane ya yi tsalle wajen juyawa, ɗauri ne ke sa kwamfuta ta tsaya cik duk lokacin da ka taɓa wani abu. SolidWorks yana warware duk ɗaurin da ke matakin sama na haɗi a tare, kamar lissafi guda mai ɗaruruwan sharuɗɗa. In ka zuba sassa 1,800 a mataki ɗaya, kowanne da ɗauri uku, ka ba shi sharaɗi fiye da 5,000 ya warware kafin ya bar ka ka matsar da washa ɗaya. Amma ɗaurin da ke cikin ƙaramin haɗi ba a sake warware shi a sama, ana ɗaukar ƙaramin haɗin kamar dunƙulallen abu. Don haka ka raba injin yadda za a ƙera shi a shago kuma a ɗora shi a mota: mazurari haɗi guda, injin ɗagawa guda, na cire tsakuwa guda, na ɓarewa guda, fanka da bututunta guda, firam guda. Babban haɗin ya ƙunshi abubuwa goma zuwa ashirin kacal. Ba sai ka sake aikin daga farko ba: zaɓi sassan a jerin hagu, danna dama, ka zaɓi Form New Subassembly. Ɗaurin da ke tsakaninsu zai bi su ciki. A ganina, in ɗaurin matakin sama ya haura ɗari biyu zuwa uku, tsarin yana bukatar gyara.

Yadda aka ɗaura ma yana da tasiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne sarƙa: a ɗaura na biyu a jikin na ɗaya, na uku a jikin na biyu, na huɗu a jikin na uku, har a kai na talatin. In na ɗaya ya motsa, sai an bi su duka a jere, kuma in fuska ɗaya ta ɓace a tsakiya, duk na bayanta sun yi ja. Gara a ɗaura kowa a jikin abu ɗaya tabbatacce, firam ko filayen asali na haɗin. Coincident da Concentric da Parallel su ne masu sauƙi. Width da Gear da Cam sun fi nauyi, ɗauri mai iyaka wato Limit ya fi su duka. A bol, kunna Lock rotation a cikin Concentric, ka huta da ƙara ɗauri na uku don hana shi juyawa. Ƙaramin haɗin da ka mayar Flexible don ka ga yadda rariya ke girgiza, ka mayar da shi Rigid da zarar ka gama kallo, domin muddin yana Flexible duk ɗaurinsa sun hau matakin sama. Kuma kada ka kwana da ɗauri mai jan alama ko ruwan ɗorawa. Manhajar tana ƙoƙarin warware shi a kowane sake lissafi, tana kasawa, tana sake gwadawa.

Firam kuwa bai kamata ya zama sassa sittin ba. In ka zana kowane ƙarfen kusurwa mai 50 da 50 da kauri 5 a fayil ɗinsa, ka haɗa su da ɗauri, ka yi aikin da Weldments zai yi maka a fayil guda. Zana layukan firam ɗin, ka ɗora musu siffar ƙarfen, manhajar ta datse mahaɗai, kuma ta ba ka jerin yanka mai tsawon kowane ƙarfe, wanda shi ne takardar da mai walda ya fi bukata.

Akwai wani abu da ke ɓoye. Dubi jerin hagu, ko akwai sassan da ke da alamar kibiya, wato -> a ƙarshen sunansu. Waɗannan an zana su ne a cikin haɗi suna jingine da wani sashe, misali hujin faranti da aka kwafo daga hujin firam. Yana da daɗi lokacin da ake tsara abu, amma kowane canji sai ya bi ta kansu. Mafi muni shi ne zagaye: faranti ya jingina da firam, firam kuma ya jingina da farantin. Alamarsa ita ce ka danna Ctrl da Q, a sake gini, amma alamar neman sake gini ta ƙi ɓacewa. In awon ya zauna, shiga External References ka danna Lock All. Kada ka danna Break All, domin wanda aka kulle ana iya buɗe shi, wanda aka tsinke ya tafi ke nan.

Yanzu saitin manhajar, wanda ba ya cin ko sisi. A Document Properties akwai Image Quality, mai wani maɓalli da ake ja hagu ko dama. Mutane sukan ja shi ƙarshen dama don da'ira ta yi kyau a ido, ba su san sun ninka alwatikar sashen ba. Dawo da shi wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga hagu, ka kunna Apply to all referenced part documents, ka adana. Awon sashen ba ya canzawa ko kaɗan, hoton allo ne kawai. Kashe RealView da inuwa da Ambient Occlusion, ka riƙa aiki da Shaded maimakon Shaded With Edges, ka tabbata Verification on rebuild a kashe yake sai ranar binciken ƙarshe.

Wajen buɗewa kana da hanya uku. Resolved yana loda komai. Lightweight yana loda siffar sassa da abin da ɗauri ke bukata, ya bar tarihin gininsu sai an nema. Za ka ga alamar gashin tsuntsu a jikinsu. Large Design Review hoto kawai yake lodawa, yana buɗewa cikin ɗan lokaci, kuma ana iya awo da yanka a leƙa ciki da ɓoye sassa. Shi ya dace da ranar da Alhaji mai aikin ya zo shago yana son ganin injinsa. Daga cikinsa kuma akwai Selective Open, ka zaɓi injin ɓarewa kaɗai ya buɗe sosai. A System Options, ƙarƙashin Assemblies, saitin manyan haɗi yana kunna kansa ne in sassa sun kai 500, Large Design Review kuma 5,000. A kwamfutarka ka saukar da na farko zuwa 300, na biyu zuwa 1,500.

A wannan shafin akwai tarko ga duk mai aiki a inda wuta ba ta da tabbas. Cikin abubuwan da saitin manyan haɗi ke kashewa don sauri har da ajiyar ko-ta-kwana, layin da ke cewa Do not save auto-recover info. Cire alamar da ke kansa. Wanda ke ofis mai wuta dare da rana zai iya barinsa, amma kai da janareta ke iya mutuwa ana tsakiyar aiki, batirin kwamfuta kuma ya tsufa, gara ka jure tsaikon daƙiƙa kaɗan da ka rasa aikin yini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma bambance ɓoyewa da kashewa. Hide yana ɗauke sashe daga ido, ya sauƙaƙa wa hoto, amma sashen yana nan cikin lissafi. Suppress yana cire shi daga RAM gaba ɗaya, tare da ɗaurinsa da nauyinsa, kuma ba zai fito a jerin kayan saye ba. A nan ake yin kuskure mai tsada: mutum ya kashe duk bol don sauri, ya manta, ya fitar da jerin kaya, a je birni sayayya a dawo babu bol ko ɗaya. Jerin kaya a koyaushe daga cikakken Configuration ake ɗaukarsa. In kallo kawai kake son canzawa, Display State, mai adana abin da aka nuna da abin da aka ɓoye, ya fi, domin ba ya sa a sake gini. Kuma ka ba duk Configuration masu sauƙin suna iri ɗaya a kowane fayil, misali Sauki, domin wajen buɗewa akwai zaɓin Advanced da zai ɗauko wannan sunan a duk sashen da yake da shi lokaci guda.

Fayiloli su zauna a cikin kwamfutar, a folda guda. Kada ka yi aiki kai tsaye daga filas, ko daga foldar da OneDrive ke ƙoƙarin turawa ta raunanniyar hanyar sadarwa. Kada sassa biyu su yi suna ɗaya, domin SolidWorks da suna yake neman fayil, zai iya ɗauko farantin wani tsohon aiki ya sa maka. Canza suna a cikin manhajar ake yi, kwafin aiki kuma da Pack and Go. In wasu sassan an zana su a tsohuwar shekarar manhajar, ana juya su duk lokacin buɗewa, don haka ka buɗe komai a Resolved sau ɗaya ka adana duka.

To, kwamfutar. Bayan ka yi waɗannan, buɗe Task Manager yayin da haɗin ke buɗe. In RAM ya haura kashi 85 cikin ɗari, ƙara shi zuwa gigabait 16. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, sa SSD kafin komai, shi zai fi rage lokacin buɗewa. Biyun nan ba su kai kusa da kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Ranar da za ka sayi sabuwa, ka sani sake ginin sashe galibi a kan ƙwaya ɗaya ta furosesa yake gudana, don haka saurin ƙwaya ya fi yawansu amfani. In kwamfutar tana da katin hoto na NVIDIA baya ga na Intel, shiga saitinsa ka tilasta wa SolidWorks amfani da shi. Ka riƙa aiki caja na jone, saitin wuta yana kan mafi ƙarfi, domin a kan batir Windows yana rage gudu. Sannan zafi. A watan Afrilu, rumfar kwano a Kura tana haura digiri 40, ƙurar hunturu da ta ɓuntu kuma sun riga sun toshe fankar kwamfutar. Furosesa in ya kusa digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, sai ka ga aikin da ke tafiya lafiya da asuba yana jan ƙafa da azahar. A buɗe ta a busa ƙurar, a sake man sanyaya, a ɗaga bayanta daga tebur, kuma kada ta zauna a ɗakin da ake gwada injin.

Takardun zane kada ka tara su a fayil ɗaya mai shafi talatin. Kowane ƙaramin haɗi da nasa fayil. Yankan da ya ratsa injin gaba ɗaya shi ya fi komai nauyi, guda ɗaya ya isa a zanen gamayya, kuma a yi shi daga Configuration mai sauƙi. In manhajarka ta 2020 ce ko sama, Detailing mode zai bar ka ka ƙara awo da rubutu ba tare da loda injin ba. Binciken karo, wato Interference Detection, ka yi shi a kowane ƙaramin haɗi da cikakkun sassa, sannan sau ɗaya a babban haɗin bayan ka cire bol daga lissafi, in ba haka ba zai cika maka allo da karon zare da huji wanda ba matsala ba ne. Masu walda ka ba su PDF a waya ko a takarda, masu yankan faranti kuma fayil ɗin DXF, wanda injin yanka ke aiki da shi, na kowane faranti a shimfiɗe, da kaurinsa da adadinsa a cikin sunan fayil ɗin.